Yadda Mutwiri Ya Gyara Jakunan Dawa

Duk wanda ya girma a Isiolo kafin zuwan wayar hannu, in ka shiga ɗakin uwarsa za ka tarar da shi rataye a bango, ya fi yadda Allah ya halicce shi kyau. Aikin Mutwiri Kinoti ne. Juya hoton, za ka ga hatiminsa a baya da shuɗiyar tawada, sunansa da lambar shago da kalmar Ƙwararre, wadda babu wata hukuma da ta ba shi, shi ya ga ta dace.

A Nanyuki ya koyi sana'ar, wajen wani tsohon Ba'indiye da ake kira Pinto, wanda ya koya masa abu ɗaya tak ya ce sauran duk share shago ne. Ya ce mutum ba ya biyan kuɗi don ya ga kansa, madubi na nan a gida kyauta. Mutwiri ya riƙe wannan kamar wahayi. Da fensir mai tsini da ɗan burushi ya fara, daga baya ya koma kwamfuta, amma aikin bai canza ba. Ya kankare ƙuraje, ya cike giɓin haƙori, ya miƙar da hanci, ya rage wa 'yan sanda tumbi. Mace in aurenta ya mutu takan kawo masa hoton bikin, ya cire mijin ya dasa tukunyar fure a gurbinsa, kuma sau da yawa furen ya fi dacewa da wurin.

Akwai wani malamin makaranta da ya kai hoton fasfo banki, suka ce ya koma ya zo da ƙanen nasa da ke cikin hoton. Malamin ya dawo shago yana kumfar baki. Mutwiri ya shekara ashirin yana ba da wannan labari, a matsayin shaidar iya aiki.

Sai waya ta zo. Kowane mai tallan rake ya zama mai ɗaukar hoto. Mutwiri ya raɗa musu suna 'yan latse-latse, ya zauna a ƙofar shago yana jiran ranar da za su gaji da ganin fuskokinsu na gaskiya su dawo. Ba su gaji ba. Matarsa Nkirote, wadda ba ta taɓa yarda ya ɗauke ta hoto ba tun ranar da ya rage mata kumatu ba tare da ya tambaye ta ba, ta roƙi ɗan lungu a shagon ta ajiye abincin kaji. Buhuna suka fara daga bakin ƙofa. A hankali suka tasam ma labulen nan da aka zana Dutsen Kenya a jiki, inda rabin garin ya taɓa tsayawa da aron kwat. Zuwa shekarar da wannan abu ya faru, ƙanƙarar ƙolin dutsen kaɗai ake hangowa a saman buhunan, kuma yaran unguwa in an aike su sukan ce za su shagon Maman kaji.

Wannan ne ya fi ci masa rai. Ba rashin ciniki ba, a cewarsa. Sunan.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci aka sanar cewa gandun dajin da ke arewa da gari zai yi ƙidayar jakunan dawa, irin masu siraran zane da faffaɗan kunne, waɗanda aka ce sun kusa ƙarewa. Ana neman masu ɗaukar hoto. An kuma gina sabon zauren baƙi a ƙofar gandun, za a zaɓi hoto ɗaya a faɗaɗa shi a rataye, da sunan mai shi a ƙasa. Mutwiri bai taɓa taka gandun ba duk da kusancinsa, don a ganinsa jakin dawa jaki ne kawai da ya sa kayan fursuna. Amma ya ji an ce bango, an ce suna.

"Baban Gacheri," in ji Nkirote da ta ga ya fiddo jakar kyamara yana kaɗe mata dusa, "su ma jakunan cewa za ka yi su ɗaga haɓa?"

"Ke dai auna dusarki."

"Ina aunawa. Ita ce ma ta saya maka takalmin da za ka je da shi."

Wadda ke jagorantar ƙidayar wata ce Dakta Akoth Odera, mai karatun Turai da tabarau a goshi, irin mutanen da ke cewa jakunanmu alhali ko kaza ba su taɓa kiwo ba. Ta tara jama'a a ƙarƙashin bishiya ta yi bayani. Kowane jakin dawa da nasa zanen, kamar zanen yatsa, babu biyu iri ɗaya. Kwamfuta za ta karanta zanen ta gane wane ne wane, wa aka sani tun da, wa ya ƙaru, wa ya ɓace. Saboda haka doka ɗaya ce: gefen dama kawai za a ɗauka, daga kafaɗa zuwa cinya, kan dabbar yana kallon hannun dama. Ba fuska ba, ba gefen hagu ba, ba faɗuwar rana ba.

Mutwiri ya ɗaga hannu. "'Yata, in hasken yana gefen hagu fa?"

"Mzee," in ji ta, wato dattijo, "ba kyau muke nema ba. Lissafi muke yi."

Ya gyaɗa kai da tausayi. Ya sha jin irin wannan a shago. Duk mai cewa ba kyau yake nema ba shi ne ke fara ƙorafi in ya ga kansa.

Aka raba gandun yanki yanki, kowace mota da nata. Shi aka haɗa shi da direban gandun, Lesilau, Basamburu dogo mai hujajjen kunne da ya zazzago har kusan muƙamuƙi. Mutwiri ya daɗe yana kallon kunnen, yana lissafa yadda zai toshe ramin. Kujerar baya kuwa wasu 'yan mata biyu ne daga Nairobi, ma'aikatan kamfanin inshora, sanye da sabon kaki da har yanzu layin ninki bai baje ba. Tun kafin a tada mota sun ɗauki kansu hoto ya fi a ƙirga.

"Ku mai da wayoyin nan jaka," in ji shi. "In akwai likita a ɗaki ba a tambayar mai sayar da maganin tsutsa. Ni zan ɗauka, ku ku riƙe ruwa."

'Yan matan suka kalli kyamarar, suka ga tsawon bakinta, suka yi biyayya. Dama zafi ya fara damunsu.

Garke na farko da suka tarar, suna jin ƙarar mota suka juya gaba ɗaya suka ba shi baya, suna kaɗa wutsiya. Mutwiri ya sauke kyamara.

"Haka suke tarbar baƙo?"

"Sun ji labarinka ne, Mzee," in ji Lesilau. "Suna nuna maka inda ya fi buƙatar gyara."

"Zagaya ta gabansu."

Ya zagaya. Suka sake juyawa. Mutwiri ya tura kai ta taga ya yi musu irin kiran da yake wa jarirai, ya kaɗa makullai, ya ce, "Kai, na tsakiya, matso kusa da matarka!"

"Ba matarsa ba ce," in ji Lesilau, "ƙanensa ne. Kuma in ka ƙara kaɗa makullin nan, a nan zan sauke ka ka ƙarasa hirar da su."

Haka aka wuni. Dabbobin ba su san dama ba, ba su san hagu ba, ba su kuma halarci bayanin Dakta ba. Wani ya ba da dama, wani hagu, akasari baya. Mutwiri ya ɗauki duk abin da ya samu, bai damu ba. Ya san abin da zai yi in ya koma gida. Abin da ya dame shi shi ne halin da ya ga dabbobin a ciki. Daga nesa ka ce fenti aka yi musu jiya. Ta bakin kyamara kuwa sai ƙuda, sai kaska, sai tabon cizo, sai haƙarƙari a waje. Wannan aka ce baƙi ke ƙetaro teku su gani.

Da la'asar, a bakin wani busasshen rafi, Lesilau ya kashe mota ya rage murya.

"Ga Shosho can. Kakar gandun nan kenan, kowa ya san ta. Zaki ya taɓa hawa bayanta ta sauke shi."

Tsohuwar ta tsaya ita kaɗai, kuma ita ce dabba ɗaya tilo da ta ba da gefen dama ba a roƙe ta ba. Kunnenta ɗaya a yage. A cinyarta akwai inda farcen zakin ya tsaga fata, fatar ta warke a karkace, zanen sama bai sadu da na ƙasa ba, kamar rigar da makaho ya ɗinka. Lesilau yana kallonta kamar mai kallon gwaggonsa. Mutwiri ma yana kallonta, don tun rasuwar Pinto bai ga aikin da ya kai wannan ba.

Da aka koma ƙofar gandun ana karɓar hotuna, ya ce nasa sai ya tace tukuna, zai turo cikin mako. Mai karɓar ya ga furfura ya ga kwat, ya ce ba komai.

Da ya koma shago ya ture buhuna biyu ya buɗe kwamfuta, ya yi kwanaki bai leƙa ƙofar shago ba. Waɗanda suka ba da hagu su ne masu sauƙi: ya juya hoton kamar a madubi, kai ya koma dama, an bi dokar Dakta. Sannan ya shiga aikin gaske. Ya kori ƙudaje. Ya cire kaska. Ya cike haƙarƙari. Inda zane ya rabu biyu ba dalili ya haɗe shi, inda ya tsinke ya ƙarasa shi, inda ya yi kauri ya rage. Shosho kuwa sai da ya ajiye ta ƙarshe. Ya ɗinke kunnen. Ya kamo zanen cinyar ɗaya bayan ɗaya ya sada kowanne da ɗan'uwansa, har cinyar ta koma kamar zaki bai taɓa zuwa duniya ba. Ya ɗan ɗaga mata ciki, ya sa mata ɗigon haske a ido.

Nkirote ta kawo masa shayi da gurasar capati, ta tsaya a bayansa.

"Wannan ita ce tsohuwar da ka ce?"

"Ita ce."

"To Allah ya sa 'ya'yanta su gane ta."

Ya buga hatiminsa a kusurwar kowane hoto, ya tura. Na asalin kuma ya goge su, kamar yadda ya saba tun zamanin fim. Ba a barin shaidar yadda mutum yake kafin a taimake shi. Wannan amana ce tsakanin mai hoto da wanda ya zauna masa.

Kwamfutar gandun ta haɗiye hotunan ta yi lissafinta da gaskiya, don ita ba ta san Mutwiri ba. Ta ba da rahoto cewa a yankin busasshen rafi an samu jakunan dawa sababbi fil da yawa, waɗanda ba a taɓa gani ba a duk ƙasar, dukansu manya, dukansu ƙosassu. Dakta Akoth ba ta tsaya duba hoto ko ɗaya ba. Ta duba jimla, jimla ta yi mata daɗi, ta buga waya Turai wajen masu ba da tallafi ta ce aikinsu ya fara haihuwa. Can suka yi murna, suka sa a wasiƙarsu ta wata. Sai bayan nan ta karanta shafi na biyu, inda kwamfutar ta ƙara da cewa duk tsofaffin jakunan da aka sani a wannan yanki sun ɓace, har da Shosho, ba a ga ko ɗaya ba.

Aka tura masu gadi neman gawa. Suka tarar da Shosho tana kiwo da yagaggen kunnenta.

A ranar ne Dakta ta sauko da tabarau daga goshi ta dubi hotunan da idonta. Ta ga dabbobin da ƙuda bai taɓa sauka a kansu ba. Ta ga dutsen da ke arewa ya koma wancan gefen. Ta ga tankin ruwan gandun a bayan wani jaki, rubutun jikinsa yana tafiya da baya.

Motar gandun ta tsaya a ƙofar shagon da hantsi. Mutwiri ya hango ta, ya gyara wuyan riga, ya ce wa Nkirote ta kawar da ma'aunin dusa. Dakta ta shigo, Lesilau na biye da ita.

"Mzee, me ka yi wa hotunan nan?"

"Kin lura kenan." Ya ji daɗi. "Yawancin mutane ba sa lura. Alamar aiki mai kyau kenan, amma ke kin yi karatu."

"Ka juya su."

"Ke kika ce dama."

"Na ce gefen dama! Gefen hagu in an juya shi ba ya zama dama, zanen daban ne!"

"'Yata, ni na duba, duk zane ne."

Ta ajiye hoton Shosho a kan buhu. "Wannan fa? Ina tabon?"

"Ya tafi. Ba sai kin gode ba."

"Da tabon muke gane ta. Da shi kwamfuta ke gane ta. Ka shafe mana dabba, ka ƙirƙiro wata da babu ita!"

"Ni ban ƙirƙiri kowa ba. Haka Allah ya nufe ta, zaki ne ya ɓata. Ke in uwarki ce za ki rataye ta a bango da yagaggen kunne?"

Lesilau ya taɓa nasa kunnen. "Mzee, don Allah in na mutu kada a kawo maka hotona. Dangi za su yi makokin wani Bakikuyu da ba a taɓa huda wa kunne ba."

Dakta ta ja dogon numfashi, ta sassauta murya kamar mai magana da marar lafiya. Ta ce ba komai, abin da ya wuce ya wuce, ya ba ta na asalin kawai. Mutwiri ya kalle ta kamar ta ce ya tuɓe. Ya bayyana mata amanar sana'a. Ta tambaya ko 'yan Nairobi sun ɗauki wani abu, Lesilau ya ce sun ɗauka, akwai hoton ƙafafunsu a kan taga da na kwalbar ruwa.

Yanki guda kenan ya tashi a banza, sai wata ƙidayar bayan shekara biyu. Kuma akwai wayar da za a sake bugawa Turai.

Ta kai ƙofa, Mutwiri ya bi ta. "Maganar bangon fa? Yaushe za a sanar?"

Ta juyo ta daɗe tana kallonsa, ta kalli hoton da ke hannunta da hatimin kusurwarsa. "Za a rataye, Mzee," in ji ta. "Da sunanka. Ni da kaina zan tabbatar."

Nkirote ta dawo da ma'auninta inda yake.

Ranar buɗe zauren ya sa kwat ɗin da yake ba mutane aro, ya hau matatu, motar haya, da kyamara a wuya. An gasa akuya, an kawo 'yan rawa su yi wa Turawa biyu tsalle. Hoton da aka zaɓa na babban bango wani likitan haƙori ne ya ɗauka da waya, bisa kuskure, yana ƙoƙarin kashe ta. Mutwiri ya wuce shi bai tsaya ba. Nasa yana bangon ciki, inda za a riƙa zaunar da masu ƙidaya ana yi musu bayani, kuma ya fi na likitan girma. An jera hotuna biyu. A hagu tsohon hoton Shosho ne daga ajiyar gandun, da ƙura da tabo da ƙudaje. A dama tasa Shoshon, sumul, ido na sheƙi. A ƙasa an rubuta Mutwiri Kinoti, Isiolo, da manyan baƙaƙe, ba kuskuren harafi ko ɗaya. A sama kuma, da jan fenti, da harshe biyu don kada wani ya ce bai gane ba: KADA KA YI HAKA.

Ya tsaya ya karanta. Ya cire gilashi ya goge ya sake karantawa. Mutane suna zuwa su karanta jan rubutun su yi dariya, sannan idonsu ya sauka kan hotunan, kuma ya lura, don aikinsa kenan lura da inda ido ke sauka, cewa babu wanda ke daɗewa a kan na hagu. Wata Baturiya ta nuna na dama ta ce wa mijinta kai, ji kyau, ta tambaya ko ana sayar da ƙananansa.

Lesilau ya matso da tsokar akuya a hannu. "Mzee, ka ga ka shiga tarihi."

"Firam ɗin ya karkace," in ji Mutwiri. "Riƙe min jakar nan."

Ya miƙar da firam ɗin. Ya ja da baya, ya kori wasu yara daga gaba, ya jira rana ta kauce daga gilashin firam ɗin, ya ɗauki hoton bangon gaba ɗaya.

Gyaran bai ɗauke shi lokaci ba. Jan rubutu a kan farin bango ya fi ƙurji saukin cirewa. Na hagun ma ya cire shi, ya dasa tukunyar fure. Ya wanke hoton da girma, ya buga hatimi a baya, ya rataye shi can sama da buhuna, daidai kan ƙanƙarar Dutsen Kenya. Duk wanda ya shigo sayen dusa yanzu sai ya nuna masa da baki, ya ce wannan a zauren gandun yake, wanda bai yarda ba ya je ya gani. Babu wanda ya je. Kuɗin shiga gandun ya fi na buhun dusa.

Nkirote ta ɗaga kai ta kalle shi sau ɗaya, ranar da aka rataye. Ta ce ya matsar da shi hagu kaɗan, akwai buhunan da za a kawo ranar Talata.